Yadda Tony Blair Ya Sauya Jam'iyyar Leba Kafin Ya Karɓi Mulkin Birtaniya

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar siyasa ne. A karatu ana yawan kiran Tony Blair wanda ya zamanantar da siyasar Birtaniya, alhali mu nan da yaƙin Iraƙi muka fi saninsa. Wane ne shi, yaya aka yi ya zama firaminista yana ɗan shekara 43, kuma me ya zamanantar?

Amsa: Ɗana, Allah ya ƙara basira. Ka fara riƙe wannan tukuna: a Birtaniya ba a zaɓen firaminista kai-tsaye. Tsarinsu irin wanda muka yi ne a Jamhuriya ta Farko zamanin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda jam'iyyar da ta fi kujeru a majalisar wakilai shugabanta ke kafa gwamnati. Don haka mai neman wannan kujera yaƙi biyu ke gabansa, na cikin jam'iyya da na ƙasa. Na shekara da shekaru ina koyar da wannan tarihi, kuma a fahimtata yaƙin cikin gidan ne ainihin labarin Blair. Abin da ya fara zamanantarwa jam'iyyarsa ce ta Leba, kuma da wannan aiki ya sami yardar masu zaɓe.

An haife shi ranar 6 ga Mayu 1953 a Edinburgh, babban birnin Sikotlan. Labarin mahaifinsa, Leo Blair, ya cancanci a tsaya a kansa. Leo ɗan riƙo ne, wani ma'aikacin ƙera jiragen ruwa da matarsa suka rene shi a unguwar talakawa ta Govan a Glasgow. Da ƙuruciya ɗan kwaminis ne. Ya shiga soja lokacin yaƙin duniya na biyu, ya fito da muƙamin hafsa, ya karanta shari'a, ya koyar a Adelaide ta Ostireliya, sannan a jami'ar Durham a arewa maso gabashin Ingila. Da ya samu ci gaba sai ya koma jam'iyyar Kwanzabatib ta masu ra'ayin mazan jiya, har yana shirin neman kujerar majalisa. Yana da shekara 40 shanyewar ɓarin jiki ta same shi, maganarsa ta ɗauke tsawon lokaci, burin ya tsaya nan. Tony yana yaro ya ga wannan da idonsa. Darasin da ya ɗauka daga gidansu shi ne, ɗan talaka in ya samu ya ɗaga kai ba ya son jam'iyyar da za ta riƙa kallonsa kamar ya ci amanar asalinsa. Wannan fahimta ita ce ginshiƙin duk siyasarsa daga baya.

Ya yi karatu a Fettes, makarantar kwana mai tsada a Edinburgh, sannan ya karanta shari'a a Oxford ya gama a 1975. A jami'a bai yi fice a siyasar ɗalibai ba, waƙa ma yake yi a wata ƙaramar ƙungiyar makaɗa. Abin da ya kama zuciyarsa a can addini ne. Wani limamin coci ɗan Ostireliya, Peter Thomson, ya ja shi ga tunanin cewa mutum ba ya cika mutum sai cikin jama'a, kuma haƙƙi da nauyi tare suke tafiya. Daga wannan ƙofa ya shigo Leba, shi ya sa tun farko bai ɗauki aƙidar gurguzu ta mallake masana'antu da zafi ba. A wannan shekara ta 1975 mahaifiyarsa Hazel ta rasu, a cikinta kuma ya yanki katin jam'iyya. Ya koyi aikin lauya a ofishin Derry Irvine a Landan, inda ya haɗu da Cherie Booth, lauya wadda ta fi shi sakamakon jarrabawa, suka yi aure a 1980.

Yanzu dubi jam'iyyar da ya shiga. Ƙungiyoyin ƙwadago suka kafa Leba a 1900, su ne kuɗinta, su ne ƙuri'unta a babban taro. A hunturun 1978 zuwa 1979, Leba tana mulki, yajin aiki ya game ƙasa, shara ta taru a titunan Landan, masu haƙa kabari a Liverpool suka ajiye aiki. Margaret Thatcher ta jam'iyyar Kwanzabatib ta ci zaɓen 1979 a kan wannan fushi. Leba ta ƙara karkata hagu, wato ga ra'ayin gurguzu, manyanta huɗu suka fice a 1981 suka kafa jam'iyyar SDP. A zaɓen 1983, ƙarƙashin Michael Foot, ta yi alkawarin watsar da makaman nukiliya ita kaɗai, da ficewa daga kasuwar tarayyar Turai, da maido da kamfanoni hannun gwamnati. Ta tashi da ƙasa da kashi 28 cikin 100 na ƙuri'u da kujeru 209.

A wannan mummunan zaɓe Blair ya shiga majalisa. Shekara guda kafin nan ya tsaya zaɓen cike gurbi a Beaconsfield, cibiyar 'yan Kwanzabatib, a tsakiyar yaƙin Falklands tsakanin Birtaniya da Ajantina, ya zo na uku da kusan kashi 10. Da zaɓen 1983 ya matso, saura mazaɓa ƙalilan ba su tsayar da ɗan takara ba, ciki har da Sedgefield, yankin tsofaffin mahaƙan kwal kusa da Durham inda ya tashi. Daren 11 ga Mayu ya ƙwanƙwasa ƙofar wani malamin makaranta, John Burton, a ƙauyen Trimdon. Ya tarar da 'yan jam'iyya suna kallon wasan ƙarshe na wani kofin ƙwallon ƙafa na Turai tsakanin Aberdeen ta Alex Ferguson da Real Madrid, dole ya zauna ya jira har aka tashi bayan ƙarin lokaci kafin su saurare shi. Suka saurare shi, suka tsaya masa, ya samu takara, ya ci kujerar. Burton ya zama wakilinsa a mazaɓar har ƙarshen siyasarsa. Mutanen Trimdon sun koya masa abin da littafi bai koya masa ba, cewa ma'aikacin da ke zaɓen Leba yana son ya mallaki gidansa, yana tsoron ɓarawo, kuma surutun 'yan aƙida na Landan bai dame shi ba. Gaskiya ne kuma Blair ya tsaya a kan waɗancan manufofi na 1983 da daga baya ya rushe, abokan hamayyarsa sun daɗe suna tuna masa.

A majalisa aka haɗa shi ofis ɗaya da wani sabon ɗan majalisa daga Sikotlan, Gordon Brown, ɗan limamin coci, mai digirin digirgir a tarihi, wanda ya san jam'iyyar ciki da bai. A shekarun farko Brown ne babba, Blair na koyo a wurinsa, har rubuta jawabi. Sabon shugaba Neil Kinnock ya fara aikin gyara, ya yaƙi 'yan tsagerar Militant, masu tsattsauran ra'ayin gurguzu da suka kutsa jam'iyyar, ya kawo Peter Mandelson ya kula da yaɗa labarai, ya ja matasan biyu gaba. A tsarinsu 'yan adawa suna naɗa wa kowane minista kishiya wanda zai riƙa bin diddiginsa. Blair ya zama kishiyar ministan makamashi a 1988, na ƙwadago a 1989. A nan ya fara nuna halinsa. Akwai tsohuwar al'ada a wasu masana'antu, ba a ɗaukar mutum aiki sai ya shiga ƙungiyar ƙwadago, kuma Leba na kare ta. A Disambar 1989 Blair ya sanar cewa jam'iyya ta janye goyon bayanta. Ya tuntuɓi shugabannin ƙwadago cikin 'yan kwanaki, ya yanke, ya bar masu fushi su yi fushinsu. Salon da zai yi ta maimaitawa ke nan.

Zaɓen 1992 ne ya karya zukatan 'yan Leba. Tattalin arziki na cikin matsi, Thatcher ta tafi, ƙididdigar jin ra'ayi na nuna Leba za ta iya ci, amma magajinta John Major ya samu ƙuri'u sama da miliyan 14. Faɗuwa ta huɗu a jere ke nan. Blair da Brown suka karanta abin a kan cewa mutane, musamman a kudancin Ingila, har yanzu suna tsoron Leba za ta ƙara musu haraji kuma ƙungiyoyin ƙwadago za su juya ta. Sabon shugaba John Smith ya ba Brown harkar kuɗi, ya ba Blair harkar cikin gida, wato tsaro da 'yan sanda da gidajen yari. Wannan fage ne da kowa ya sallama wa 'yan Kwanzabatib. Blair ya shige shi da taken da ya yi masa suna, cewa za su tsananta wa laifi, su kuma tsananta wa abin da ke haifar da laifi, kuma an ce Brown ne ya ƙirƙiro masa kalaman. A farkon 1993 su biyun suka je Amurka suka ga yadda mutanen Bill Clinton suka dawo da jam'iyyar Dimokurat mulki bayan shekara 12. A Fabrairun wannan shekara wasu yara biyu 'yan shekara 10 suka kashe wani ƙaramin yaro kusa da Liverpool, ƙasa ta girgiza, Blair ya yi jawabi a kan lalacewar tarbiyya da sanin daidai da ba daidai ba. Mutane da dama a ranar suka fara jin ɗan Leba yana magana da yaren da suke yi a gidajensu.

Ranar 12 ga Mayu 1994 John Smith ya rasu kwatsam da bugun zuciya. Shekara goma kowa na ɗauka in rana irin wannan ta zo Brown ne zai tsaya, amma kafin nan ma'auni ya juya, jaridu da ƙididdigar ra'ayi duk Blair suke nunawa, Mandelson ma ya koma bayansa, abin da Brown ya daɗe bai yafe ba. Ranar 31 ga Mayu suka haɗu a wani gidan cin abinci mai suna Granita a unguwar Islington, washegari Brown ya janye. An amince cewa Blair ya ba shi iko mai faɗi a kan tattalin arziki da manufofin cikin gida. Inda aka saɓa shi ne ko ya yi masa alkawarin sauka bayan wani lokaci ya miƙa masa, mutanen Brown sun ce an yi, na Blair sun ce ba a yanke haka ba. Wannan saɓani ya ci gwamnatinsu daga ciki shekara goma. Ranar 21 ga Yuli aka zaɓi Blair shugaban jam'iyya da kashi 57, ya doke John Prescott da Margaret Beckett. Prescott, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa kuma ɗan ƙwadago, ya zama mataimakinsa, shi ne gadar da ta riƙe tsofaffin 'yan jam'iyya.

Nan muka zo ga abin da nake ganin ya fi komai bayyana mutumin. A kundin tsarin jam'iyyar akwai Sashe na Huɗu, wanda Sidney Webb ya tsara aka amince da shi a 1918, yana cewa burin Leba shi ne jama'a su mallaki hanyoyin samar da kaya da rarraba su da musayarsu. Ana buga shi a bayan katin kowane ɗan jam'iyya. Babu gwamnatin Leba da ta taɓa aiwatar da shi gaba ɗaya, kowa ya san haka. Hugh Gaitskell ya so ya sauya shi bayan faɗuwar 1959, jam'iyya ta ƙi. Shugabannin da suka biyo baya suka bar shi kwance, a ganinsu babu amfanin tayar da rigima a kan abin da ba a aiki da shi. Blair ya ga akasin haka. A lissafinsa, tunda 'yan jam'iyya na ƙaunar sashen, cire shi zai yi zafi, kuma wannan zafin ne zai tabbatar wa mai zaɓe na waje cewa sauyin na gaske ne. A babban taron Blackpool na Oktoban 1994, ƙarƙashin taken Sabuwar Leba, ya ce jam'iyya na buƙatar sabon bayanin manufofinta, bai ma ambaci sashen da suna ba, wasu wakilai sai da suka fita zauren suka gane abin da suka tafa wa. Kwana biyu bayan haka taron ya kaɗa ƙuri'a da ɗan rinjaye cewa a bar sashen yadda yake.

Bai ja da baya ba. Ya tsallake shugabannin rassa da na ƙwadago, ya zagaya ƙasa yana zama da talakawan 'yan jam'iyya dubbai a zauruka, yana amsa tambayoyinsu ido da ido. Hujjarsa, in muka mayar da ita bakinmu, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: adalci da taimakon juna su ne manufa, mallakar masana'antu hanya ce kawai da aka zaɓa a 1918, kuma hanya tana tsufa. Ranar 29 ga Afrilu 1995 taro na musamman a Landan ya amince da sabon sashe da kusan kashi 65, duk da manyan ƙungiyoyin ƙwadago biyu sun ƙi. Sabon rubutun ya ambaci kasuwa da gasa, ya kuma ce iko da dukiya da dama su kasance a hannun masu yawa. Arthur Scargill, shugaban mahaƙan kwal, ya fice ya kafa tasa jam'iyyar. Yawan 'yan Leba masu kati ya haura zuwa kusan 400,000 kafin zaɓe.

Sauran aikin na dabara ne. Alastair Campbell, tsohon ɗan jarida, ya riƙe bakin jam'iyya, Philip Gould yana tara mutane ƙalilan-ƙalilan a ɗaki yana sauraron abin da ke damunsu, Mandelson ya kafa cibiyar yaƙin neman zaɓe a ginin Millbank inda ake mayar da martani ga kowane zargi kafin labarai su fita. A 1995 Blair ya tafi har Ostireliya ya yi wa manyan kamfanin Rupert Murdoch, attajirin mai jaridu, jawabi, a Maris 1997 kuma jaridar Murdoch ɗin mai suna The Sun, wadda ta yi wa Kinnock kaca-kaca a 1992, ta fito ta goyi bayansa. Ni ina ganin wannan kusanci da masu jaridu ya jawo masa bashin da ya daɗe yana biya. Brown ya yi alkawarin ba za a ƙara ma'aunin harajin kuɗin shiga ba, kuma za su bi tsarin kashe kuɗin 'yan Kwanzabatib shekara biyu. Aka buga ɗan kati mai alkawura biyar ƙanana da za a iya aunawa, kamar rage yaran aji zuwa 30 ga 'yan shekara 5 zuwa 7, da rage mutum 100,000 daga jerin masu jiran asibiti. Da aka tambayi abin da ya sa gaba, a taron 1996 ya ce abu uku ne: ilimi, ilimi, ilimi.

Kada ka ɗauka duk ƙwazonsa ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 16 ga Satumba 1992 darajar fam ta faɗi, gwamnatin Major ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12, ta sanar da 15, duk a yini ɗaya, ƙarshe ta fice daga tsarin daidaita kuɗaɗen Turai. Daga ranar sunan da 'yan Kwanzabatib suka yi na iya riƙon tattalin arziki ya zube. Suka rabu biyu a kan Turai, abin kunya na kuɗi da na mata ya yi ta fitowa. Masana da yawa na ganin ko John Smith ya rayu da ya ci zaɓen, ni ma haka nake gani. Abin da Blair ya ƙara shi ne girman nasarar, da kuma iya maimaita ta.

Ranar 1 ga Mayu 1997 Leba ta samu kujeru 418, rinjayen 179 a kan sauran jam'iyyu gaba ɗaya, 'yan Kwanzabatib suka tsira da 165, ba su da ko ɗaya a Sikotlan da Wales. Mata 101 suka shiga majalisa a tutar Leba. Blair ya zama firaminista mafi ƙarancin shekaru tun 1812, bai taɓa riƙe ko ƙaramin minista ba, kuma shi ne na farko da aka haifa bayan Sarauniya Elizabeth ta hau gado. Amma ga abin da ɗalibin siyasa ya kamata ya lura da shi: ƙuri'unsa kusan miliyan 13.5 ne, kashi 43, ba su kai na Major a 1992 ba. Tsarin wanda ya fi yawa a mazaɓa shi ya ci ne ya kumbura rinjayen.

Game da abin da ya zamanantar a ƙasa, shekarun farko sun yi albarka. Cikin mako guda aka ba babban bankin Ingila ikon yanke kuɗin ruwa. Sikotlan da Wales suka samu majalisunsu bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1997. A Afrilun 1998 aka sa hannu a yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen kusan shekara 30 na zubar da jini a Ireland ta Arewa, kuma wannan a wurina shi ne mafi girman aikinsa. A 1999 aka kafa mafi ƙarancin albashi na fam 3.60 a awa, aka kuma cire masu gadon kujera daga majalisar dattawa sai 92. Ya tura soja Saliyo a 2000, inda har yau ake ganin girmansa. Ya zo Abuja a 2002, kuma a 2005, shekarar da ya jagoranci taron manyan ƙasashe takwas a Gleneagles a kan bashin Afirka, ƙasashen da ke bin Najeriya bashi suka yafe mata kusan dala biliyan 18 zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala.

Iraƙi da ka ambata ba ta rabu da duk wannan labari ba, kuma ba zan sassauta mata ba. Mutumin da ya yi shekaru yana gaya wa jam'iyyarsa ta yi kuskure, kuma kowane karo zaɓe ya gaskata shi, ya wayi gari yana ɗaukar adawar mutanensa a matsayin alamar cewa yana kan daidai. A Yulin 2002 ya rubuta wa George Bush cewa yana tare da shi ko ta halin ƙaƙa. Ranar 15 ga Fabrairu 2003 aka yi zanga-zanga mafi girma a tarihin Landan, a watan Maris Robin Cook ya ajiye muƙaminsa na minista, 'yan majalisar Leba 139 suka bijire masa, duk da haka ya tafi yaƙi. Ba a samu makaman ƙare dangi da aka kafa hujja da su ba. Sojojin Birtaniya 179 suka mutu, 'yan Iraƙi kuwa dubban ɗaruruwa. Kwamitin binciken Sir John Chilcot ya bayyana a Yulin 2016 cewa an shiga yaƙin kafin a ƙure hanyoyin lumana, kuma an gabatar da bayanan sirri da tabbacin da ba su cancanta ba. Wannan laifi ne babba, kuma zaman lafiyar Ireland ta Arewa ba ya goge shi.

Ya sake cin zaɓe a 2001 da rinjayen 167, sannan a 2005 da rinjayen 66, shi kaɗai ne shugaban Leba da ya ci uku a jere. Amma a na ukun ƙuri'un jam'iyyar sun sauko zuwa kusan miliyan 9.5, kashi 35, kuma mutanen Brown sun matsa lamba a cika abin da suke cewa an yi alkawari a Granita. Ranar 10 ga Mayu 2007 ya koma Trimdon, ƙauyen da ya ƙwanƙwasa ƙofa shekara 24 baya, ya sanar a zauren 'yan jam'iyya cewa zai sauka. Ranar 27 ga Yuni ya miƙa wa Gordon Brown, a ranar kuma ya ajiye kujerar Sedgefield.